Askar Ba Kyari

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Umaru,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa jirgin ƙasa ya sauke ku a Bukuru lami lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutanen da ba ka san halinsu ba, Ya haɗa ka da na kirki. Amin.

Na ce wa mahaifiyarka ta cusa wannan takarda a ƙasan zabirarka, kada ta ba ka a hannu, don ba na so ka karanta ta ina wurin. Da hannuna na rubuta, da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci, saboda haka ka yi haƙuri da rubutun, na san kamar tonon kaza yake. Da na je wurin masu rubuta wasiƙa a bakin gidan waya da ya fi kyan gani, amma maganar da ke ciki ba wadda zan iya faɗa wa wani yana kallon fuskata ba ce.

A cikin zabirar za ka ga aska uku. Biyu naka ne, na neman abinci. Ta ukun, mai ƙotar ƙaho wadda na naɗe da farin ƙyalle, ba taka ba ce, kuma ba tawa ba ce. Ta wani dattijo ce a can Bukuru da ake kira Modu, ni ina ce masa Ya Modu. Na zalunce shi tun kana ɗan shekara huɗu, kuma har yau bai san ni ne ba. Wani direban da ke zuwa Jos ya gaya mini yana kwance, ciwon ƙirji ya ci ƙarfinsa. Ina so ka kai masa askar, ka nema mini gafararsa tun muna numfashi mu biyun. Dalilin takardar ke nan. Sauran bayani ne, don ka san abin da kake ɗauke da shi, kuma don in koya maka washin da na ƙi koya maka da baki.

Ka tashi ka gan ni ana cewa Garba Wanzami, kana tsammanin tun ina yaro nake riƙe da aska. Ba haka ba ne. Kakanka wanzami ne, amma ni na raina sana'ar. Na ga masu mota da jan hankici a wuya, na bi su, na yi shekaru ina karen mota tsakanin Yerwa, Maidugurin nan tamu, da Kano, na dawo ba ni da komai sai tari da baƙin farce. Lokacin kakanka ya rasu, kai kuma an haife ka. Da gemuna na je na durƙusa gaban Ba Kyari, tsohon abokin kakanka, wanda ke aski a gindin wata bishiyar maina a unguwar Shehuri, na ce ya koya mini. Ya dube ni ya daɗe, ya ce, “Garba, abin da ubanka ya roƙe ka ka karɓa kyauta, yau kai kake roƙo.” Na sunkuyar da kai. Kada ka raina abin da aka san gidanku da shi, Umaru, ko da a Bukuru ka ga masu albashin kuza suna taka takalmi mai ƙara.

A wurin Ba Kyari na tarar da Ya Modu, ɗan ƙanwarsa. Ya girme ni da kamar shekara biyu, ba shi da yawan magana, kuma shi ke riƙe da zabirar tsohon: shi ke wanke asake, ya shanya, ya shafa musu mai, ya mayar. Ƙa'idar Ba Kyari ita ce mai koyo ba ya taɓa kan mutum sai ya cika shekara a kan dutse. Shekara guda cur, daga kai sai dutsen washi da ruwa a ƙoƙo. Ni kuwa ina da mata da ɗa, ina ganin kaina babba, sai raina ya riƙa ɓaci. Nakan danna askar a kan dutse da ƙarfi don in gama da wuri. Ba Kyari ko waiwayowa ba ya yi, da kunne yake ji. Yana cikin askin wani sai ka ji ya ce, “Kai Garba, gatari kake wasawa ne?” Mutanen da ke jiran layi su kwashe da dariya.

Ya Modu ne ya zauna da ni a hankali. Ba aikinsa ba ne, ba wanda ya sa shi. Ya ɗora hannunsa a kan nawa ya nuna mini, kuma abin da ya nuna mini shi zan gaya maka yanzu, don kai ma daga gare shi ka gada.

Ka jiƙa dutsen har ya ƙoshi, kada ka taɓa wasawa a busasshe. Ka kwantar da askar gaba ɗayanta, bakinta da bayanta duka su taɓa dutse. Kada ka ɗaga bayan ko kaɗan. Maƙerin da ya yi ta ya riga ya auna kaurin bayan daidai da yadda bakin zai kwanta, kai ba ka fi shi sani ba. Ka tura ta bakin yana gaba, kamar za ka yanko ɓawo siriri daga dutsen, kana ɗan karkatowa don daga gindi har tsini kowane wuri ya samu rabonsa. In ka kai ƙarshe, ka juya ta a kan bayanta, ba a kan bakinta ba, ka dawo. Nauyin askar kaɗai ya isa, hannunka rakiya yake yi. Da farko za ka ji tana ƙara kamar ana shara, can sai ƙarar ta yi laushi, ka ji dutsen kamar yana riƙe ta. To ta kusa. Daga nan sai ka goga ta a fatar washi, ita kuma akasin dutse ce: bayan ne ke gaba, in ba haka ba ka yanke fatar. Ka gwada a gashin hannunka. In ta ɗauke shi ba ka ji ja ba, ta yi. In kana shakka, ba ta yi ba, ka koma.

Na iya wannan duka cikin wata shida, kuma iyawar ce ta jawo mini. Kaina ya kumbura.

Ba Kyari yana da aska da yawa, amma akwai guda da ba mai taɓawa sai shi, sai Ya Modu da ke wanke ta. Ita ce wannan mai ƙotar ƙaho. Daga hannun wani Balarabe ɗan fatauci ubansa ya same ta, ƙarfenta in ka ƙyasta shi da farce sai ya yi ƙara kamar ƙararrawa. Ranar Juma'a kaɗai take fitowa, don manyan malaman Shehuri da ke zuwa aski kafin masallaci. Kowa ya san Ba Kyari bai taɓa fitar wa mutum jini a wajen aski ba, kuma kowa ya ji shi yana cewa in ya mutu askar ta Modu ce.

Wata Alhamis da hantsi Ba Kyari ya tafi suna a Tsohon Maiduguri, ya ɗauki Ya Modu, suka bar ni da babbar zabira in yi gadi. Sai ga wani tsohon maigidana na mota ya biyo ta wurin. Ya ce, “A'a, Garba, ashe nan ka ƙare? An ce har yau dutse kake lasa, ba a yarda ka taɓa ko kan jaki ba.” Maganar ta soke ni. Na ce ya zauna ya gani. Na zaro askar Ba Kyari, don in burge shi, na yi masa gyaran fuska. Wallahi aski ya yi kyau, har ya shafa haɓarsa ya ce ai na zama gwani. Ina cikin washe baki, na juya zan ɗauraye ta, bakin ya bugi gefen tasa. Ƙaramar ƙara ce, ƙyas. Na duba, ga giɓi kamar ƙwayar gero a tsakiyar bakin.

Umaru, kada ka taɓa kayan aikin wani don wanda zai yaba maka ya wuce. Mutumin nan ko sunansa ban ƙara ji ba.

To a nan da na tsaya, da abin ya zo da sauƙi. Giɓi ba mutuwar aska ba ne. Da na jira tsohon ya dawo na ce ga abin da na yi, da zai zage ni, watakila ya kore ni na mako guda, sannan ya zauna da dutsensa kwana biyu ko uku ya cinye giɓin a hankali. Na san haka sarai. Amma kunyar a ce mai gemu ya yi ɓarna irin ta yara ta hana ni. Na zauna na yi ta gurzawa a dutse, rana tana tafiya, giɓin yana nan yana kallona. Sai na tuna akwai wani Ibo a Kasuwar Litinin mai sayar da kwaɗo da ƙusa, yana da injin washi na juyawa da hannu, inda mahauta da masu adda ke kai kayansu. Na sa askar a aljihu na ruga.

Mutumin nan, Allah Ya saka masa, ya hana ni. Ya juya ta a hannunsa ya ce da irin Hausarsa, “Malam, wannan ba na inji ba ne. Wannan ƙarfe siriri ne, zai ƙone.” Na ce ina ruwansa, ni ne mai kaya. Ya girgiza kai ya ce shi dai ba zai sa hannu ba, in ina so in yi da kaina. Na ɗora bakin askar a kan dutsen yana gudu. Wuta ta yi ta tartsatsi, kafin ka ce me giɓin ya tafi. Na ji daɗi ƙwarai. Da na ɗago ta sai na ga bakin ya canza launi, ya yi shuɗi-shuɗi kamar wuyan tattabara. Ibon ya ce, “Ka gani?”

Ka riƙe wannan da kyau. Ƙarfen aska in ya sha zafi har ya canza launi, taurinsa ya tafi, kuma ba ya dawowa a hannun wanzami. Zai ɗauki kaifi, ka gwada a gashin hannu ya aske, amma da ya haɗu da gashin kai mai tauri sai bakin ya lanƙwashe. A Bukuru akwai injuna ko'ina, za a ce maka kawo a yi maka cikin minti ɗaya. Kada ka yarda. Aikin da dutse zai yi a kwana uku, ka ba shi kwana ukunsa.

Na dawo gindin maina na goge shuɗin da toka da tsumma har ya ɓace, na bi da dutse, na bi da fata, na shafa mai, na mayar da ita inda take. Da suka dawo da la'asar na tare su da sannu ta Barbarci, “Wushe, wushe,” na karɓi kayan hannunsu, fuskata kamar ban san komai ba.

Washegari Juma'a. Wanda ya fara zama wani tsohon malami ne, mai almajirai manya da yawa, ba zan faɗi sunansa ba. Ba Kyari ya jiƙa masa kai, ya yi bismilla, ya buɗe askar. Ja na farko lafiya. Na biyu na ga girarsa ta motsa. A na uku askar ta tirje, ta ci fata a bayan kunne, jini ya gangaro ya sauka a kan farar rigar da malamin zai shiga masallaci da ita. Malamin ya ce, “Ba komai, Kyari, tsautsayi ne.” Ba Kyari ya tsayar da jinin, ya ƙarasa da wata askar, ya raka malamin yana ba shi haƙuri.

Da ya dawo ya ɗaga askar a rana, ya ƙyasta ta da farce. Ba ta yi ƙarar nan ba. Ya ce, “An kai ta wuta.” Ya dubi Ya Modu, don shi ne mai riƙon zabira. Ya yi masa magana da Barbarci, ya maimaita da Hausa don mutanen wurin su ji: “Modu, wa ya taɓa ta?” Ya Modu ya ce, “Baba, ni na wanke ta Juma'ar da ta wuce, na mayar. Ban san komai ba bayan wannan.” Tsohon ya ce, “Garba bai isa ya buɗe ta ba, ko inda take bai sani ba. Kai ka gaji da jira in mutu.”

Ina tsaye, Umaru. Tsakanina da su bai fi taku uku ba, ƙoƙon ruwa yana hannuna. Kalma biyu ce, “ni ne.” Ya Modu ya juyo ya dube ni, ba kallon zargi ba, kallon mai neman wanda zai ce ai Modu ba ya ƙarya. Ni kuwa na sunkuya na shiga zuba wa dutse ruwa. Tir da ni.

Ba Kyari ya karɓe zabirar daga hannunsa a gaban jama'a, ya ce ba don askar ba, don ƙaryar. Ya ce muddin yana raye kada ya sake ganin aska a hannun Modu a garin nan. Bayan mako biyu Ya Modu ya kwashe iyalinsa ya hau mota zuwa Jos. Kuma ka san wa ya kama masa kaya zuwa tasha? Ni. Har ya riƙe hannuna ya ce, “Garba, ka kula da tsohon, idonsa ya fara rauni. Kuma ka daina danna dutse.” Na ce to.

An ce bai sake riƙe aska ba. Ya shiga haƙar kuza, mutumin da hannunsa ya fi na kowa laushi a Shehuri, kuma ƙurar ramin ce ta kwantar da shi yanzu.

Kada ka ce ai tsoro ne na rana ɗaya. Na samu dama ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Shekara shida na ƙara tare da Ba Kyari. Ya ba ni zabira, ya ba ni malamansa, gidajen da yake wa suna da kaciya duk suka dawo hannuna. Abincin da ka ci ka girma, a wurin Ya Modu aka ɗauko shi. Kullum ina cewa bari in ƙara kafuwa tukuna, bari bayan salla, bari tsohon ya warke. Da ciwon ajalinsa ya kama shi, ni nake masa aski a kwance. Wata safiya ya kama hannuna ya ce, “Garba, kai ne ɗan da Allah Ya ba ni a madadin wancan.” Ya sa aka ɗauko askar, ya ce ba ta aski amma in ajiye don tunawa. Na karɓa da hannu biyu, har na yi godiya. Ya rasu bai yafe wa ɗan ƙanwarsa laifin da bai yi ba. Wannan kam ba ni da inda zan kai shi, sai gaban Allah.

Shi ya sa nake gaya maka, ranar da ka yi ɓarna, ka faɗa kafin rana ta faɗi. Ko ka yanki mutum, ko ka ɓata kayan wani, ka buɗe baki a take, a zage ka, a wuce wurin. Kunyar ranar farko ƙarama ce, ni na san girman ta shekara goma sha biyar.

Akwai kuma haƙƙinka a kaina. Ka sha tambayata me ya sa na koya maka aski da ƙaho da komai, amma in ka ɗauki dutse sai in fizge in ce kawo, ba ka iya ba. Ka tuna ranar da na daka maka tsawa a gaban abokanka har ka ƙi cin abinci? Ba laifinka ba ne. Duk lokacin da zan ɗora hannuna a kan naka in nuna maka, sai in tuna hannun wanda ya nuna mini, sai raina ya ɓaci, in huce a kanka. Hannunka yana da kyau, ya fi nawa a shekarunka. Ban taɓa gaya maka ba, yau na faɗa. Ka yafe mini.

Yanzu ga abin da za ka yi. Kada ka bari ka kwana biyu a Bukuru ba ka neme shi ba, kada ka ce sai ka samu wurin zama. Ka tambayi unguwar da Barebari suke, ka ce Modu na Shehuri. Ka sayi goro mai kyau. In ka shiga ka cire takalmi ka durƙusa, ka kira shi Baba. Kada ka fara da askar, ka gaishe shi tukuna, ka gaya masa kai ɗan wane ne. Zai yi murna, na san shi, zai ce a kawo maka ruwa, zai tambayi lafiyata. Wannan wurin zai yi maka wuya, ka daure. Ka ce a kira 'ya'yansa da matarsa, don su ma sun rayu ana cewa ubansu ya ci amanar kawunsa. Sannan ka buɗe ƙyallen ka ajiye a gabansa, ka ce, “Babana ya ce shi ne ya kai ta inji. Ya ce yana tsaye aka kore ka, ya yi shiru.” Kada ka ƙara da cewa ai lokacin ƙuruciya ce, don ba ƙuruciya ba ce. Kada ka gyara mini.

In ya zage ni, ka saurara har ya gama, kuma ka rubuto mini duk abin da ya ce, kada ka rage. In ya kore ka, ka tashi da ladabi, ka koma bayan kwana uku. In ya ce sai ya gan ni, ka bugo waya, zan hau jirgin da ya fara tashi. Ban zo da kaina tun farko ba don ina tsoron in isa ƙofarsa bakina ya sake mutuwa, kamar yadda ya saba. Na ɗora maka kayan da ba kai ka ɗaure ba, na sani.

Ni kuma nawa rabon yana nan. A cikin waɗanda suke gindin maina ran nan, saura mutum huɗu da rai, kuma har yau suna zuwa aski. Juma'a mai zuwa, kafin in jiƙa kan kowa, zan tsaya in gaya musu. Mahaifiyarka na gaya mata jiya da rana. Ta tashi ta shiga ɗaki, har yanzu ba ta dube ni sosai ba.

Allah Ya yi maka albarka, Umaru. Ya sa hannunka ya zama sanyi a kan duk wanda ya zauna gabanka, Ya kare ka daga ciwo da mugun abokin zama, Ya dawo mana da kai lafiya. Ka riƙe salla, ka busar da askarka kafin ka naɗe.

In kuwa ka je ka tarar an riga an kai shi, kada ka ɓoye mini don tausayi. Ka sa a nuna maka kabarin, ka tsaya tare da 'ya'yansa, ka faɗi maganar da ƙarfi yadda kowa zai ji.

Ni ne mahaifinka,
Garba Wanzami,
Shehuri, Yerwa.